Idan Manhajar Sayayya Ta Ƙi Magana, A Gaya Wa Masu Ita

Jama'a, mu makafi masu amfani da manhajar karanta allo mun cika haƙuri inda bai dace ba. Mutum ya shiga manhajar sayayya, ya zaɓi kaya, ya zuba a kwando, ya zo wajen biya, sai manhajar da ke karanta masa allo, TalkBack a Android ko VoiceOver a iPhone, ta yi ta ce masa "maɓalli, maɓalli", ba suna ba bayani. Wanne ne na biya, wanne ne na goge kayan? Sai ya nemi mai ido, ya miƙa masa waya da katin banki, ya ja bakinsa ya yi shiru. Kamfanin kuwa abin da zai gani a lissafinsa shi ne wani ya fasa saye. Dalilin bai isa kunnensu ba.

Ra'ayina shi ne mu riƙa kai ƙorafi, kuma mu iya kai shi.

Yawancin matsalolin nan ba wani gagarumin aiki ba ne. Maɓallin da aka yi da hoto zalla, kamar alamar kwando ko ta zuciya, suna kawai yake buƙata a rubuta masa, kuma Android da iPhone duk sun tanadi gurbin rubuta shi. Ga tallar da ke faɗowa ta rufe allo, ka yi ta shafa yatsa ba ka sami wurin rufe ta ba. Ga zaɓin girman takalmi da ba ya faɗa maka wanda ka taɓa. Wanda ya fi ƙona min rai shi ne rangwame: mai ido yana ganin an ja layi a kan tsohon farashi, ni kuwa a karanto min farashi biyu a jere, in rasa wanda za a cire daga asusuna. Wanda ya gina manhajar da ido ya gwada ta, ƙila bai taɓa kunna TalkBack ba tunda yake.

Sai dai saƙon "manhajarku ba ta yi wa makafi aiki" ba ya zuwa ko'ina. Amsar da za ka samu ita ce ka goge ka sake saukewa. Ka faɗi irin wayarka, da manhajar karatun da kake amfani da ita, da lambar sigar manhajarsu. Sannan ka bi da su hanyar da ka bi: na buɗe kwando, na shafa dama, na ji "maɓalli" a inda ya kamata in ji "biya". In da hali ka ɗauki bidiyon allon da sautinsa, amma don Allah kar lambar katinka ta fito. Ka nemi lambar ƙorafi, ka ce a tura wa injiniyoyi, domin wanda ke amsa saƙo ba shi ke gyara ba. In sun yi biris, ka rubuta a Play Store ko App Store inda kowa zai gani.

Kuma ba alfarma muke roƙo ba. Akwai ƙa'idojin WCAG kan sauƙaƙa wa naƙasassu amfani da shafukan intanet, na W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin yanar gizo, waɗanda siga ta 2.2 ta fito a Oktoban 2023, ka ambace su a saƙonka. Dokar Tarayyar Turai ta sauƙaƙa wa naƙasassu amfani da kayayyaki da hidimomi da ta fara aiki ranar 28 ga Yuni, 2025 ta haɗa har da kasuwancin intanet. A Amurka, ƙungiyar makafi ta ƙasar ta maka kamfanin shaguna na Target a kotu a 2006 kan shafinsa na sayayya da makafi ba sa iya amfani da shi, aka sasanta a 2008 kan dala miliyan 6. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla mutum biliyan 2.2 ke da larurar gani, kusa ko nesa. Ɗan kasuwa mai hankali ba ya wasa da wannan adadi.

Na san wasu za su ce me ya sa mu za mu yi musu gwaji kyauta. Gaskiyarsu, aikin kamfani ne ya ɗauki makafi ya biya su su gwada kafin a saki manhaja, kuma wannan ma mu riƙa rubuta shi a ƙarshen kowane saƙo. Amma kafin su yi hakan, ni nake son in sayi kayana ba tare da wani ya san abin da na saya ko abin da ya rage a asusuna ba.

In sun gyara, ka tura musu godiya, ka gaya wa 'yan uwa. Saƙonka na farko kuwa ka adana shi, domin sau da yawa sabuntawa ta gaba kan sake ɓata abin da aka gyara, kuma za ka buƙaci lambar ƙorafin nan.