Ayoyin da muke tsallakewa a Karin Magana 31

Duk wanda ya taso a ikkilisiya ya san Karin Magana sura 31. Ranar zumuntar mata ita ake karantawa, daga aya ta 10 zuwa ƙarshe, ana yabon mace tagari, iyayenmu mata suna ta guɗa. Amma ayoyi tara na farko ba kasafai ake hawa bagade da su ba, alhali su ma maganar uwa ce. Mahaifiyar sarki Lemuwel ta gargaɗi ɗanta cewa abin sa maye ba na sarakuna ba ne, don kada su sha su manta da doka, su danne hakkin masu wahala. Ta ce mai baƙin ciki ne ke sha don ya manta da talaucinsa. Sai ta umarce shi ya buɗe baki ya yi magana a madadin wanda ba shi da murya, ya yi wa matalauci shari'ar gaskiya. Ba izinin shaye-shaye ta bayar ba, kar wani ya ɗauke ni a haka. Ta dai nuna inda alhakin ya fi nauyi, kuma a wuyan mai mulki ta rataya shi.

Mu a nan mun juya abin. Yaron da ke haɗiyar tiramol shi muke nunawa da yatsa, mai mulki kuwa mu ba shi kujerar gaba.

Ku je Kakuri a Kaduna da safe. Masaƙun da suka ciyar da dubban gidaje, KTL da Arewa Textiles da UNTL, yau ciyawa ce ta cinye harabar yawancinsu. KTL tun 2002 ta rufe. 'Ya'yan ma'aikatan nan su ne yanzu ke tuƙa acaba da Keke Napep, ko ɗaukar bulo a wurin gini a Sabon Tasha da Unguwan Romi. Tambayi mai haɗa kankare dalilin da ya sa yake shan ƙwaya, zai ce maka don ya iya kai yamma a tsaye. Da haka ake farawa, ƙwaya ɗaya don ƙarfin aiki, kafin shekara ta zagayo ita ke juya shi. Binciken da UNODC, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ta yi tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Najeriya, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. Wannan kafin a cire tallafin mai ke nan a 2023.

Ba na cewa talauci ne kaɗai sila. 'Ya'yan manya a Malali da Unguwar Rimi ma suna sha, har wadda ta fi tsada. Bambancin yana wajen abin da ke biyo baya. Ɗan mai kuɗi a kai shi asibitin kuɗi a asirce, a ce ya yi tafiya. Ɗan talaka a kama shi da ƙullin wiwi, uwarsa ta sayar da keken ɗinkinta don beli, in babu ya kwana gidan yari tare da riƙaƙƙun 'yan fashi, ya fito ya fi da lalacewa. Dokar NDLEA, hukumar hana sha da fataucin miyagun ƙwayoyi ta ƙasa, ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka samu yana amfani da irin su hodar ibilis. A watan Mayun 2024 Majalisar Dattawa har hukuncin kisa ta amince da shi ga masu safara, mutane suna ta tafi. To, wa ke shigo da kwantenar tiramol ta tashar jiragen ruwa? Ba yaron unguwar Nasarawa ba ne. An hana maganin tari mai kodin a 2018, me ya faru? Kwalba ta ƙara kuɗi, yara suka koma wasu haɗe-haɗen.

A hukunta dila, hukunci mai tsanani, ba ni da ja. Amma mai sha maras lafiya ne, magani yake bukata. Asibitin masu taɓin hankali na tarayya da ke Barnawa yana ƙoƙari, jihar ma ta kafa hukuma ta musamman kan shaye-shaye, sai dai ina gado, ina kuɗin jinya ga mai sayar da tumatir? Rashin wurin zuwa ne ke sa iyaye miƙa 'ya'yansu inda ake ɗaure su da mari. Mun ga abin da 'yan sanda suka tarar a wani gida a Rigasa a 2019, ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa. Kada wani Kirista ya yi dariya, akwai gidajen addu'a namu da ke ɗaure mutane da sunan fitar da aljanu. Addu'a tana aiki, na gaskata, amma Luka da ya rubuta Bishara likita ne.

Yanzu ga inda ya fi ci mini rai. Kowa a garin nan ya san lokacin da ƙwaya ta fi ciniki: lokacin kamfe. A cika mota da samari, a ba su kuɗin caji, su bi ayari da gora da adda. Zaɓe ya wuce, a bar mu da 'yan sara-suka a unguwa. Shi wanda ya biya kuɗin, ranar Lahadi ya zo godiya coci da ambulan mai kauri, mu tashi tsaye, a sa masa albarka. Yaron da ya lalata kuwa, in ya leƙo da jajayen idanu, masu tsaron ƙofa su tare shi a waje. Shugaban NDLEA Buba Marwa ya nemi a riƙa yi wa 'yan takara gwajin ƙwaya. Ban ƙi ba, amma gwajin fitsari ba ya nuna wanda ya saya wa ɗan wani.

Babanninmu fastoci da dattawan ikkilisiya, ECWA, Katolika, Baptist, HEKAN, da girmamawa nake roƙo. In zaɓe ya matso, 'yan takara za su zo. Kafin a miƙa wa ɗan takara makirufo, a tambaye shi a gaban jama'a gado nawa zai ƙara don jinyar masu shaye-shaye, kuma su waye yaran da ke bayan motarsa. In ya ƙi amsawa, a mayar masa da ambulan ɗinsa. Limaman Tudun Wada da Rigasa ma yaransu ne ke ciki, a je a same su a yi tambayar tare.