Del Toro ne ya yar da rigarsa a dutsen Finestre, a daina ɗora wa Carapaz

Duk mai bin tseren keke ya san abin da ya faru ranar Asabar 31 ga Mayun 2025 a zango na 20 na gasar Giro ta Italiya, ranar da Isaac del Toro, matashin da ke jagorantar gasar, ya rasa jagorancin a hannun Simon Yates, kuma har yanzu in aka taso da maganar sai ka ga mutane sun rabu gida biyu, wasu na cewa Richard Carapaz ne ya yi baƙin ciki ya ƙi taimakon yaro, wasu na cewa yaron ne bai san me yake yi ba. Ni ina tare da na biyun, amma da gyara, don laifin bai tsaya kan Isaac del Toro shi kaɗai ba, manyan da ke zaune cikin motar ƙungiyarsa ta UAE riƙe da rediyo su ma suna da kaso mai tsoka.

Ga yadda lissafin yake da safiyar ranar. Del Toro, ɗan ƙasar Meziko mai shekara 21, shi ke sanye da riga mai ruwan hoda ta jagoran gasa, wato wanda jimillar lokacinsa ta fi ta kowa ƙanƙanta, tun zango na 9 da aka ƙare a Siena, kuma shi ne ɗan Meziko na farko da ya taɓa sa ta. Carapaz na Ekwado yana bayansa da sakan 43. Simon Yates ɗan Birtaniya na ƙungiyar Visma yana na uku, minti 1 da sakan 21. Washegari za a shiga Rum ne kawai a yi zagayen biki, ba a kai wa jagora hari a ranar ƙarshe, saboda haka duk wanda ya kwana da rigar ranar Asabar ya ci Giro. Tafiyar ta wuce kilomita 200, daga Verrès zuwa Sestriere, kuma a tsakani akwai Colle delle Finestre.

Wannan dutsen ba wasa ba ne. Kilomita 18 da rabi ana hawa ba sassauci, hanyar na ɗagawa da kusan kashi 9 cikin ɗari tun daga ƙasa har sama, lanƙwasa sama da 40, kuma kusan kilomita 8 na ƙarshe babu kwalta, burji ne da tsakuwa da ƙura, in ka miƙe tsaye kan feda tayar baya sai ta riƙa sulɓewa, dole ka zauna ka matsa. Ƙololuwar tana mita 2,178. Daga nan sai gangara, sai kwari mai tsawo da ke ɗagawa a hankali har Sestriere. Kwarin nan shi ne inda ake cin mutum ko a cece shi.

Ƙungiyar EF ta Carapaz ce ta kunna wutar tun daga gindin dutsen, suka ja da gudun tsiya har ayarin ya tarwatse, Carapaz ya kai hari da wuri, Del Toro ya manne masa ba tare da wata wahala ba. Yates ya biyo a hankali ya cim musu. Sai ya fara gwada su, ya tashi su kamo shi, ya sake tashi su kamo shi, har a wani karo ya tashi babu wanda ya motsa. Del Toro ya kalli Carapaz, Carapaz ya kalli Del Toro, aka shiga kallon kallo, wani lokaci ma sukan rage gudu har Derek Gee ɗan Kanada, wanda yake tafiyarsa da gudu ɗaya ba hari ba tsayawa, ya riƙa kamo su yana wucewa gaba. Wallahi in ka sake kallon bidiyon abin ban haushi ne, mutum biyu mafi ƙarfi a gasar na sati uku suna waige waige a kan dutse yayin da na ukun ke ta tafiya.

To bari a yi wa Del Toro adalci tukunna, don hujjarsa ba shirme ba ce daga farko. Tsakanin Carapaz da Yates sakan 38 ne kawai. Ma'ana Yates zai fara ƙwace matsayi na biyu daga hannun Carapaz kafin ya taɓa rigar Del Toro. A wannan ɗan lokacin yaron yana da gaskiya in ya ce kai ne za ka fara asara, kai za ka ja. Sannan akwai tsoro na gaske, in ya shiga gaba ya ja ya ƙone ƙafarsa, Carapaz yana manne a bayansa yana hutawa, can sama ya tashi ya bar shi, sakan 43 ba wani abu ba ne a dutse irin wannan. Kuma Carapaz ba ƙaramin ɗan tsere ba ne, ya ci Giro a 2019, ya ci zinare a gasar Olamfik ta Tokyo, kuma sati na ukun nan kullum shi ke kai hari.

Amma wannan hujja tana da wa'adi, kuma wa'adin ya ƙare a sakan ɗin da tazarar Yates ta kusa minti 1 da sakan 21. Daga nan wanda ke asarar Giro shi ne mai riga. Carapaz a lokacin ya riga ya faɗo na uku a lissafi, kuma mutumin da ya taɓa cin gasar, ya kuma yi na biyu a 2022, me matsayi na biyu ko na uku zai ƙara masa? Babu. Shi nasara yake nema ko ba komai, kuma hanya ɗaya da zai samu ita ce Del Toro ya gaji. In ya ja yaron ya kamo Yates, me ya yi? Ya ɗauki Giro ya miƙa wa UAE kyauta kenan. Ba don haka EF ke biyansa albashi ba. Masu cewa ya yi mugunta su faɗa mana wane tsohon ɗan tsere ne zai yi saɓanin haka.

Ita kuma maganar hutawa a bayan mutum, an zuzuta ta fiye da kima a wannan wurin. A shimfiɗaɗɗiyar hanya gaskiya ne, wanda ke bin bayan wani yana rage kusan kashi ɗaya cikin uku na wahala saboda na gaba ke yanka iska, kamar dai yadda mai babur ke jin sauƙi in ya lafe bayan tirela. Amma a hawan da ake tafiyar ƙasa da kilomita 20 a awa, iska ba ita ce matsala ba, nauyin jikinka da na keke kake ɗagawa, kuma wannan babu mai ɗaukar maka. Abin da Carapaz zai samu a bayan Del Toro a Finestre kaɗan ne sosai. Inda bin baya ke da riba shi ne kwarin da ke ƙasa, kuma a can ne Visma suka riga suka ajiye mutum.

Wout van Aert. Tun da safe ya shiga cikin waɗanda suka ɓalle gaba, mutum mai jiki irin nasa da ba a gina shi don hawan dutse ba, ya lallaɓa ya haye Finestre kafin manyan su kamo shi, ya sauka ya jira. Yates ya iso da tazarar da ba ta kai minti biyu ba, wadda in an haɗa kai ana iya rage ta, sai Van Aert ya sa kai ƙasa ya ja shi kamar ba gobe, Yates ya lafe a bayansa yana shan ruwa, tazara ta riƙa tashi minti uku, huɗu, biyar. A baya kuma Del Toro ya waiga ya nemi Carapaz ya karɓa, Carapaz ya ƙi, suka saki feda suna jiran 'yan ƙungiyar UAE su iso daga baya. Da suka iso kasuwa ta riga ta tashi.

A nan ne nake ganin laifin motar ƙungiya ya fi na yaron. Kowa ya ga Van Aert ya shiga gaba tun da safe, ba a ɓoye yake ba, ba sai an yi duba ba a san me ya je yi can. UAE ƙungiya ce mai kuɗi da manyan mahaya dutse, har da Adam Yates tagwayen Simon, amma Del Toro ya haye ƙololuwa babu ko mutum ɗaya nasa da ke jiransa a ɗaya gefen. Kuma yaro ɗan shekara 21 da ya zo gasar a matsayin mataimakin Juan Ayuso, ba a matsayin jagora ba, zuciyarsa na bugawa kamar za ta fito, ƙura a baki, jama'a na ihu a kunne, ba shi ne zai yi lissafin sakan a kansa ba. Aikin na cikin mota ne ya ce masa manta da Carapaz, hau da gudunka, yanzu. Ko an faɗa a makare ko an faɗa bai ji ba, sakamakon ɗaya ne, duk shirin ranar an gina shi ne kan mutum ɗaya, an manta akwai na uku.

Abin mamaki shi ne dutsen nan ya riga ya koyar da wannan darasi har sau uku, kuma duk yana cikin bidiyo. A 2005, karon farko da Giro ta hau Finestre, Paolo Savoldelli na sanye da riga, Gilberto Simoni da Danilo Di Luca da José Rujano suka bar shi da sama da minti biyu, a lissafi rigar ta riga ta koma wajen Simoni. Bai ruɗe ba, ya sauko gangarar da ƙwarewarsa da aka san shi da ita, ya samu 'yan wasu ƙungiyoyi a kwari suka ja tare, ya ci Giro da sakan 28. A 2015 Alberto Contador ya rasa ƙafa a burjin, Mikel Landa da Fabio Aru na Astana suka tafi suka bar shi shi kaɗai, bai tsaya neman wanda zai taimake shi ba, ya kama gudunsa ya riƙe har Sestriere, rigar ta kwana a jikinsa. Dukansu biyun sun san cewa rigar tasu ce, kare ta ma nasu ne.

Sai 2018, wadda ita ce ta fi dacewa a nuna wa Del Toro a daren Juma'a. Ranar da Chris Froome ya tashi a burjin Finestre saura kilomita 80 ya tafi shi kaɗai har Bardonecchia. Kowa yana tuna cewa Simon Yates ne mai riga a ranar, ya ci zango uku a gasar, sai ya karye tun a farkon dutsen ya yi asarar kusan minti 39. Abin da ake mantawa shi ne su wa ke bin Froome a baya. Tom Dumoulin ne ke ja yana neman Giro, Thibaut Pinot da Reichenbach na taimaka masa iya ƙarfinsu, sai wasu samari biyu a wutsiya da suka ƙi karɓa sam saboda suna takarar farar rigar matasa tsakaninsu, Miguel Ángel López da wani mai suna Richard Carapaz. Dumoulin ya rasa gasar da sakan 46. Wato a kan wannan dutse, a wannan kwari, Carapaz ya riga ya nuna halinsa shekara bakwai kafin nan. Wanda ya tsara yaƙinsa bisa fatan Carapaz zai ja masa bai yi aikin gida ba.

Akwai masu cewa ai ƙila yaron ba shi da ƙafar ne kawai, duk wannan surutun dabara na 'yan kallo ne da ke zaune kan kujera. Zai yiwu, don sati uku a kan keke yana cinye mutum, kuma Yates ya hau Finestre cikin ƙasa da awa ɗaya, abin da ba wanda ya taɓa yi a tsere kafin ranar, saboda haka kada a ɗauka kyauta aka ba shi, ya yi hawan rayuwarsa. Amma abin da ido ya gani bai nuna yaro mai karyewa ba. Duk harin da Carapaz ya kai Del Toro ya amsa nan take, wani lokaci ko miƙewa bai yi ba, kuma a ƙarshe a Sestriere har da ƙarfin yin tsere zuwa layi. Wanda ya ƙare ba ya haka. In da ya ja iya ƙarfinsa ya faɗi, da babu mai cewa komai, da an tafa masa kamar yadda aka tafa wa Dumoulin. Abin da ke ci wa mutane rai shi ne ba a ga iyakar ƙarfinsa ba a ranar da ta fi kowace rana muhimmanci.

Kafofin yaɗa labarai sun fi son labarin ramuwar gayya, Yates ya koma dutsen da ya kunyata shi yana ɗan shekara 25 ya dawo da 32 ya rama, ya isa layi yana kuka har ya kasa magana, kuma gaskiya labarin yana da daɗi, ba wanda zai ga hawayen nan bai ji wani abu ba. Chris Harper na Ostireliya da ya ci zangon ma da ƙyar aka tuna da shi, abin tausayi, mutum ya ci zango mafi girma a gasar amma kyamara na wani wuri. Sai dai Yates bai ci zango ko ɗaya ba a Giron 2025, bai sa rigar ba sai ranar ƙarshe, ya yi sati uku yana ɓuya a inuwar masu hayaniya, kuma shi da ƙungiyarsa ne kaɗai suka zo Finestre da shirin da ya haɗa da abin da zai faru bayan an haye. Carapaz da kansa bayan tseren ya ce mai wayo ne ya ci, ya kuma ce Del Toro bai iya tafiyar da tseren ba. Magana ce mai zafi daga bakin wanda shi ma ya tashi ba tsuntsu ba tarko, amma ban ga inda ya yi ƙarya ba.

A Rum Yates ya gama da tazarar minti 3 da sakan 56 a kan Del Toro, Carapaz na uku da minti 4 da sakan 43. Ku cire ku gani. Da safe tsakanin Del Toro da mutumin da ya wuni yana gadi sakan 43 ne, da yamma ya zama 47.