Sauti da kanumfari, to ina tafarnuwarmu?

Wani labari da na ji na haɗa sautin da kunne ba ya ji da man kanumfari don kashe ƙwayoyin cutar abinci ya burge ni. Irin su Salmonela kan lulluɓe kansu da yauƙi a jikin katakon yankan nama, ɗauraya da ruwa kawai ba ta fitar da shi. Sautin da ya haura kilohaz 20, wato wanda kunne ba ya ji, yana tayar da 'yan kumfa cikin ruwa, su fashe su tsaga yauƙin, sai man ya samu shiga. Mu nan Sakkwato Allah ya hore mana tafarnuwa, malaman Jami'ar Ɗanfodiyo ku gwada da ita mana. Sai dai fa wutar lantarki injin da ke fitar da sautin yake so, mahaucin unguwarmu a ina zai same ta?