Riba Ke Tuƙa Mutum, Ko Gudun Raini?

A nan Biritaniya da nake zaune, duk lokacin da wata fitina ta ɓarke a duniya, tambayar farko da masu sharhi ke yi ita ce wa zai ci riba. Idan yaƙi ne a ce man fetur, idan juyin mulki ne a ce ma'adinai, idan zanga-zanga ce a ce tsadar rayuwa. Da zarar an gano aljihun da kuɗin zai faɗa, shi ke nan, bayani ya ƙare. Mu ma Hausawa muna da tamu gajeriyar amsar: son zuciya ne, kwaɗayi ne. Su suna faɗin tasu cikin sanyin murya, babu yabo babu zargi, mu kuma mukan haɗa tamu da tsaki. Amma hukuncin ɗaya ne, wai ɗan Adam cikinsa kawai yake bi.

Ni ban gamsu ba. Abin da nake gani a tarihi da tsofaffin littattafai shi ne riba tana iya bayanin harkokin yau da gobe, amma manyan ayyukan da suka juya duniya, galibinsu mutum ya yi su ne don kada a raina shi.

Shi kansa Adam Smith, wanda ake jingina wa ra'ayin riba, bai tsaya inda mabiyansa suka tsaya ba. Mutum-mutuminsa na tsaye a tsakiyar tsohon birnin Edinbara, kuma mutanen nan sun haddace maganarsa ta 1776, cewa ba don kirki mahauci ko mai gasa burodi ke ciyar da mu ba, don amfanin kansu ne. Kaɗan ne ke tuna cewa shekara 17 kafin nan, a 1759, ya rubuta wani littafi kan ɗabi'un mutum, inda ya tambaya me ake nema da duk wannan fafutuka ta duniya, tunda ladan ƙaramin lebura ma yana iya ci da shi, ya tufatar da shi, ya ba shi wurin kwana. Amsar da ya bayar ita ce muna so a gan mu, a kula da mu, a san da zamanmu. Ya ce talaka yana jin kunyar talaucinsa ne saboda talauci yana fitar da shi daga idon mutane. Ke nan ko a wurin uban ilimin tattalin arziki, dukiya tsani ce, abin da ake hawa a cimma shi ne daraja.

Duba Iliyad, tsohuwar waƙar Girkawa da ake jingina wa Homa. Ba ta fara da zuwan mayaƙan Girka birnin Taroi ba, ta fara ne da fushin mutum ɗaya a shekara ta 10 ta yaƙin. Sarki Agamemnon ya ƙwace kuyangar da rundunar ta ba Akilis, babban jarumin Girkawa, a matsayin rabonsa, kuma a gaban jama'a ya yi hakan. Akilis ya ajiye makamai ya koma tantinsa, yana ji yana gani ana karkashe 'yan uwansa. Da tura ta kai bango sai Agamemnon ya aiko da manzanni da tayi: zinariya, dawakan tsere 12, mata 7, garuruwa 7, 'yarsa ta cikinsa ba tare da sadaki ba, sannan a mayar masa da kuyangar. Duk wanda ya yarda cewa riba ke tuƙa mutum zai ce magana ta ƙare. Akilis ya ce ko da kyautar ta kai yawan yashi da ƙura ba zai karɓa ba sai an biya shi cin fuskar da aka yi masa.

Akwai wani ɗan abu a wannan wuri da nake ganin mawaƙin ya san zuciyar mutum fiye da malamai da yawa. Agamemnon bai tako da ƙafarsa ba, kuma ya rufe saƙonsa da cewa Akilis ya rusuna masa domin shi ne babban sarki. Odisiyos, ɗaya daga cikin manzannin, ya lissafa kyaututtukan kaf, ya haɗiye wannan jimla ta ƙarshe. Duk da haka Akilis ya shaƙi warinta. Ya gane cewa yawan kyautar ma wata hanya ce ta nuna masa wa ya fi. Abin da ya mayar da shi fagen daga shi ne kashe amininsa Fatrokilos, kuma abin da ya sassauta zuciyarsa a ƙarshe shi ne tsoho Firiyam, sarkin Taroi, da ya shigo cikin dare ya sumbaci hannun da ya kashe masa 'ya'ya, ya ce masa ka tuna da mahaifinka.

Larabawan jahiliyya ba su san Homa ba, amma labarinsu bai bambanta ba. Yaƙin Basus tsakanin ƙabilun Bakar da Taglib, wanda ruwaya ta ce ya ɗauki shekara 40, raƙuma ɗaya ce sanadinsa. Kulaib ya harbe ta don ta shiga makiyayarsa, Jassas kuma ya kashe Kulaib, surukinsa, domin raƙumar tana ƙarƙashin amanar gidansu. Babu wanda ya yi lissafin kuɗin raƙuma. Antara kuwa, jarumin mawaƙin da baiwa ta haifa, da mahaifinsa ya ce masa ya kai hari, ya amsa da cewa bawa bai iya kai hari ba, tatsar nono ya iya. Sai da aka ce masa kai hari, kai ɗa ne, sannan ya zare takobi.

Wani zai ce ai waɗannan mawaƙa ne, zuzutawa ce sana'arsu. To mu je wurin wanda ba mawaƙi ba. Tusididis janar ne na birnin Atina a ƙasar Girka, ya rubuta tarihin yaƙin da garinsu ya yi da birnin Sifarta daga 431 zuwa 404 kafin haihuwar Annabi Isa. A littafinsa jakadun Atina sun ambaci abubuwa uku da suka sa su riƙe daularsu: tsoro, da daraja, da riba. Masu sharhi na zamani sun rungumi biyu sun zubar da ta tsakiya. Amma a littafin nan ne aka ba da labarin ɗan tsibirin Melos a shekarar 416. Atinawa sun zo da jiragen yaƙi suka ce ku biya haraji ku zauna lafiya a ƙasarku, har suka gargaɗe su kada gudun abin kunya ya jefa su halaka. Mutanen Melos suka ce ba za su sallama 'yancin da garinsu ya yi shekara 700 yana ciki ba. Aka yi musu ƙawanya, aka kashe mazansu, aka sayar da mata da yara. A ma'aunin riba wauta suka yi. Amma sun yi, kuma tun daga lokacin mutane ba su daina yin irinta ba.

A 1910 wani marubucin Ingila, Norman Angell, ya fitar da littafi yana nuna cewa ciniki ya ɗaure ƙasashen Turai da juna har ya zama ko wanda ya ci yaƙi asara zai yi. Lissafinsa daidai ne. Shekara 4 bayan nan aka shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya. Biritaniya ba ta fara tilasta shiga soja ba sai 1916, amma kafin nan maza sama da miliyan 2 sun kai kansu. Wasu kishin ƙasa ya kai su, wasu don abokansu duk sun tafi, wasu kuma saboda mata suna tare samarin da ba su sa kaki ba a kan titi su miƙa musu farin gashin tsuntsu, alamar ragwanci. Kusan kowane ƙauye a nan yana da dutsen da aka sassaƙa sunayen waɗanda ba su dawo ba, wani lokaci ka ga sunan gida ɗaya sau uku a jere. Nakan tsaya in karanta abin da aka rubuta a ƙarƙashinsu: daraja, aiki na wajibi, sadaukarwa. Ban taɓa ganin an rubuta kasuwa ba. Mutanen da ke bayyana yaƙin wasu da man fetur ba su yarda a bayyana mutuwar kakanninsu da shi ba.

Abin da ya biyo baya ya fi fito da maganar fili. A 1871 Jamusawa suka zaɓi fadar Fersai ta Faransa, ɗakin madubai, suka yi shelar kafa daularsu bayan sun ci Faransa da yaƙi. A ranar 28 ga Yuni 1919 aka sa su sa hannu kan yarjejeniyar shan kaye a wannan ɗakin dai. A 1918 an tsayar da wuta ne a cikin wani taragon jirgin ƙasa a dajin Kampiyen na Faransa. A Yunin 1940, da Faransa ta faɗi, Hitler ya sa aka fasa bangon ginin da aka adana taragon, aka jawo shi zuwa daidai inda ya tsaya a da, ya sa Faransawa suka sa hannu a ciki. Wace riba ce a jan tsohon tarago? Shekara 70 manyan ƙasashe biyu suna miƙa wa juna wulaƙanci kamar bashi.

Ba na musun cewa kwaɗayi ya yi ɓarna mai yawa. Cinikin bayi kuɗi ne. Kongo a hannun sarki Liyofol na Beljiyam daga 1885 zuwa 1908 kuɗin roba ne, har da sare hannuwan mutane. Yaƙin da Biritaniya ta yi da Sin daga 1839 zuwa 1842 kan tabar ofiyom ne. Sai dai a lura da rigar da kwaɗayi ke sawa in zai fita. Liyofol ya ce wayewa ya kawo da yaƙi da bautarwa. A majalisar Landan a 1840 gwamnati ta kare kanta da maganar cin mutuncin tuta da na talakawan sarauniya, kuma da ƙuri'a 9 kacal ta tsira. Attajiri na iya son yaƙi don riba, amma ba shi zai mutu ba. Saurayin da zai mutu ba ya sayar da ransa kan albashi, sai an taɓo mutuncinsa. Ibn Khaldun, wanda aka haifa a Tunis a 1332, ya ga haka a littafinsa Muƙaddima: abin da ke kafa daula shi ne asabiyya, wato kowa ya ji cewa cin zarafin ɗan uwansa nasa ne, kuma al'ummar da ta saba da ƙasƙanci takan rasa ƙarfin kare kanta.

Kada a ɗauka yabon wannan hali nake yi. Gudun raini ya kashe mutane fiye da yadda ya cece su. Makbes na wasan kwaikwayon Shakespeare ya riga ya fasa kashe sarki, sai matarsa ta ce masa ashe shi ba namiji ba ne. Okonkwo na littafin Chinua Achebe ya sare yaron da ke kiransa baba, bayan wani dattijo ya gargaɗe shi kada ya sa hannu, don kawai kada a ce shi rago ne kamar mahaifinsa.

A nan ne nake ganin namu gadon ya fi na masu lissafi zurfi, in da za mu yi aiki da shi maimakon tsaki. Hadisin farko a Bukhari ya ce ayyuka suna tare da niyya, kuma misalin da ya bayar shi ne hijira: tafiya ɗaya, hanya ɗaya, amma wani don Allah da ManzonSa, wani don abin duniya, wani don macen da zai aura. Ma'ana ba za ka kalli ayari ka yanke masa dalili guda ba. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya ga wannan da idonsa. Ana tsakiyar jihadi ya lura mutane da yawa sun karkata ga mulki da dukiya, ransa ya ɓaci har ya bar rundunar da niyyar tafiya Makka, mutanen Kano suka tsayar da shi, ya rubuta musu Diya'ul Hukkam. Wanda ya ce jihadin nan neman mulki ne zalla bai yi bayanin Abdullahi ba, wanda kuma ya ce kowa don Allah ya fito bai karanta abin da Abdullahi ya rubuta ba.

Mafi kyawun misalin shugaban da ya karanci wannan cakuɗa yana cikin sira. Ranar buɗe Makka a shekara ta 8 bayan hijira, Abbas ya ce wa Annabi (SAW) Abu Sufyan mutum ne mai son alfahari, a ba shi wani abu. Aka yi shela cewa wanda ya shiga gidan Abu Sufyan ya tsira. Gida nawa ne da zai ɗauki mutanen gari? Amma shugaban da aka ci da yaƙi ya shiga garinsa da abin da zai ɗaga kai da shi, kuma Makka ta buɗe kusan ba tare da jini ba.

Makonni kaɗan bayan haka, bayan yaƙin Hunain, aka raba ganima a Ji'irana. Manyan Ƙuraishawa da shugabannin ƙabilu da suka musulunta jiya-jiya, irin su Abu Sufyan, suka samu raƙuma 100 kowannensu. Ansar ba su samu komai ba, ƙorafi ya fara yawo, Sa'ad ɗan Ubada ya kai maganar. Annabi (SAW) bai aika a ƙaro musu raƙuma ba. Ya tara su su kaɗai, ya lissafa abin da suka yi masa da bakinsa: in kun so za ku ce ka zo mana ana ƙaryata ka muka gaskata ka, korarre muka ba ka masauki, kuma da kun faɗi gaskiya. Sannan ya tambaye su ko ba su yarda mutane su tafi da tumaki da raƙuma, su kuma su koma gida da Manzon Allah ba. Suka yi kuka suka ce sun yarda. Runduna ɗaya ce, rana ɗaya, amma wasu dukiya ce ta riƙe zukatansu, wasu kuma fargabarsu ita ce ko ya samu danginsa ya manta da su. Ya ba kowane ɓangare abin da ke motsa shi, sannan ya bar garin haihuwarsa ya koma Madina tare da Ansar, can ya zauna har wafatinsa.