Babur Mai Rumfa Ya Dace da Mu, Amma Ba Kowace Rumfa Ba

Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, ma'aikata da 'yan kasuwa da dama a garuruwanmu suka ajiye motocinsu a gida, aka lulluɓe su da tamfol, suka koma hawa babur ko shiga adaidaita sahu domin zuwa wurin neman abinci. Wanda ya koma babur ya sami sauƙin kuɗin mai, amma ya haɗu da wata wahalar daban. Ranar watan Afrilu tana dukan ƙeyarsa tun daga ƙofar gida, ruwan Agusta yana tsare shi a ƙarƙashin gada ko a barandar shagon da bai san mai shi ba, ƙurar hunturu kuma tana sauya wa farar shadda launi kafin ya isa ofis. Wannan ne ya sa nake ganin lokaci ya yi da za mu tattauna batun babur mai rumfa da gaske, wato ƙaramin babur irin ƙirar Vespa, wanda aka yi masa gilashi a gaba da rufi a sama tun daga masana'anta. Ra'ayina shi ne ya dace da zirga-zirgar cikin gari a ƙasarmu ƙwarai, da sharaɗin mu fahimci abin da rumfar take iya yi da abin da ba ta iyawa, domin a nan ne mutane da yawa suke ruɗuwa.

Kamfanin da ya fi kowa zurfafa tunani a kan wannan al'amari shi ne BMW na ƙasar Jamus, wanda ya fitar da wani babur mai suna C1 a shekarar 2000, kamfanin Bertone na Italiya kuma shi ne ya riƙa harhaɗa masa shi. Abin da masu ƙirar suka sa a gaba ya wuce samar da inuwa. Sun kewaye matuƙin da ƙaƙƙarfan gorar alminiyom wadda ta taso daga gaba, ta lanƙwaso ta saman kansa, ta sauka a bayansa, suka sa ƙarafan kariya daidai kafaɗu da wurin jingina kai, sannan suka ɗaure shi da bel biyu masu gittawa a ƙirji. A saman tayar gaba sun sanya wani sashe da aka tsara shi ya lotse idan an yi karo, domin ya shanye ƙarfin bugun kafin ya kai ga jikin mutum. Hikimar a bayyane take ga duk wanda ya taɓa ganin haɗarin babur: abin da ya fi kashe mahayi shi ne yadda ake cilla shi sama, ya sauka da ka a kan kwalta ko a jikin motar da suka yi karo da ita. Idan aka riƙe shi a cikin keji mai ƙarfi, kejin ne zai sha bugun. Gwajin karon da aka yi wa babur ɗin ya gamsar da hukumomin Jamus da Faransa da Italiya da wasu ƙasashen Turai har suka yarje wa matuƙinsa ya yi tafiya ba tare da hular kwano ba muddin ya ɗaura bel. Ingila ta ƙi amincewa da hakan, ta ce sai da hula.

Duk da wannan ƙoƙari, ba a daɗe ana ƙera C1 ba. An dakatar da shi a 2002 bayan an yi kimanin guda 33,000 kacal. Dalilan faɗuwarsa sun fi nasararsa amfani a gare mu, shi ya sa zan ɗan tsaya a kansu. Nauyinsa ya kai wajen kilo 185, alhali injinsa ƙarami ne, mai cc 125 (cc ma'aunin girman inji ne), sai wani samfurin mai cc 176, kuma kaso mai yawa na nauyin yana sama ne, inda rufin yake. Babur mai nauyi a sama yana da wuyar sarrafawa a tafiyar hawainiya cikin cunkoso, kuma idan ya fara karkacewa a tsaye, ƙafa ɗaya ba ta cika iya tare shi ba. Iskar gefe ma tana tura shi fiye da yadda take tura babur tsirara. Kuɗinsa ya zarce na sauran babura masu irin injinsa nesa ba kusa ba, har mai saye yakan tsaya ya yi lissafin ko gara ya ƙara kaɗan ya nemi ƙaramar mota ta hannu. Sannan kejin na mutum ɗaya ne. Wanda aka goya yana zama ne a baya, a wajen rumfar, ruwa na dukansa, kuma dole ya sa hularsa. A ƙasar da magidanci yake ajiye yara biyu a makaranta kafin ya wuce aiki, wannan kaɗai ya isa ya hana ciniki.

Japanawa sun bi wata hanya mai sauƙin buri, kuma ita ce ta ɗore. A 1990 kamfanin Honda ya fitar da Gyro Canopy, ƙaramin babur mai injin cc 50 da taya uku, ɗaya a gaba, biyu a baya. Dabarar da ke cikinsa ita ce tayoyin baya da injin suna zama daram a ƙasa, yayin da gangar jikin da matuƙin da rumfar suke kwantawa a kwana kamar kowane babur. Yana da babban gilashi mai abin share ruwa, da wurin ɗora akwatin kaya a baya, da wani hannu da ake ja idan an tsaya, ya kulle shi a tsaye ba tare da an jingina shi ba. Ba a taɓa cewa rumfarsa ta maye gurbin hular kwano ba. Aikinta kare mutum daga ruwa da iska da rana, shi ke nan. Masu kai abinci gida-gida da masu rarraba kaya a biranen Japan suka rungume shi, aka shafe sama da shekara 30 ana ƙera shi, har a 2021 aka fitar da samfurinsa mai aiki da lantarki wanda ake cire batirinsa a musanya da cikakke. A Italiya ma an yi Adiva, mai rumfar da ake naɗewa a ajiye a akwatin baya idan gari ya yi daɗi.

Idan aka auna C1 da Gyro Canopy, ni ina tare da tafarkin Honda, kuma ina ganin shi ya fi kusa da buƙatarmu. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu a biya kuɗi saboda inuwa. Lokacin da gwamnatin Kano ta hana sana'ar acaɓa a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, adaidaita sahu ne ya cike gurbin, kuma jama'a sun saba da shi cikin ɗan lokaci, musamman mata da dattawa, waɗanda suka sami wurin zama a natse cikin sutura, rana ba ta dukansu. Sai dai adaidaita abin haya ne, yana da faɗi, yana maƙalewa a cunkoso tare da motoci, kuma da yake ba ya kwantawa a kwana, matuƙin da ya shiga kwana da gudu yakan ɗaga taya ɗaya, wani lokaci ya kife. Abin da babu a kasuwarmu shi ne na tsakiya: abin hawa na mutum ɗaya, siriri, mai shan mai kaɗan, wanda malamin makaranta ko ma'aikaciyar asibiti za su mallaka, su fita da shi da safe cikin kayan aikinsu, su isa a tsabtace.

Akwai wani fannin aminci da rumfa take bayarwa wanda ba a cika lissafa shi ba, kuma a ganina ya fi ƙarfin ƙarfe muhimmanci a tafiyar yau da kullum. Mahayin da ruwa yake dukan fuskarsa yana runtse ido ne, yana sunkuyar da kai, yana kuma ƙara wuta domin ya tsere wa ruwan, a daidai lokacin da kwalta ta fi santsi kuma ramuka suka ɓuya a ƙarƙashin ruwa. Wanda ya yi rabin awa a cikin rana mai zafin da ya haura digiri 40 yana isa mahaɗar hanya a gajiye, ransa a ɓace, ba ya son ya jira ko daƙiƙa ɗaya. Mutumin da yake zaune a inuwa, yana kallon hanya ta cikin gilashin da ake sharewa, ya fi samun natsuwar taka birki a kan lokaci. Har ila yau, da yawa daga masu ƙin hular kwano zafi suke kafa hujja da shi, kuma gaskiya ne hula tana yin zafi a rana. A ƙarƙashin rumfa wannan uzurin ya ragu sosai. Ƙirar irin wannan babur ma ta dace da tufafinmu, domin yana da shimfiɗaɗɗen wurin ajiye ƙafa kuma injin da tayar baya a rufe suke, saboda haka haɗarin nan da muka sani na bakin hijabi ko gefen babbar riga ya naɗe a cikin sarƙa ko wayoyin taya yana raguwa.

Inda nake jin tsoro shi ne abin da na san zai biyo baya da zarar mutane sun yi sha'awar abin. Za a ɗauki babur na yau da kullum a kai wa mai walda, ya lanƙwasa bututun ƙarfe huɗu, ya ɗaure su a jikin kariyar ɗora kaya da kan babur, ya shimfiɗa leda ko falle a sama, a ce an sami babur mai rumfa da araha. Ina girmama masu waldarmu, kuma na san hannunsu yana iya abubuwa da yawa, amma wannan aikin ba na ido da guduma ba ne. Babur ɗin da ba a tsara shi da rufi ba, idan aka ɗora masa nauyi a sama, ma'auninsa ya canja. Duk wanda ya taɓa ɗaukar fallen kwano a ka ranar da ake iska ya san yadda iskar take juya mutum, to haka za ta yi wa babur ɗin idan hadari ya taso ko tirela ta wuce shi da gudu. Mafi muni, ranar da aka faɗi, waɗannan bututun da ba a gwada ƙarfinsu ba suna iya karyewa su soki mahayin, ko su hana shi rabuwa da babur ɗin ya ja shi a ƙasa. Ba shi da kejin C1 da zai kare shi, kuma ya rasa damar da mai babur tsirara yake da ita ta zamewa gefe. A birane da dama na ƙasar Sin hukumomi sun hana irin laimar da ake ɗaura wa ƙananan babura masu lantarki saboda wannan dalili.

Haka nan ba na goyon bayan a kawo maganar yafe hular kwano a nan, ko da an shigo da babur mai bel. Izinin da aka ba C1 a Turai an ba shi ne bayan gwaji, ga babur guda ɗaya tak, a ƙasashen da ake bin diddigin ɗaura bel. Mu kuwa mun ga abin da ya faru a farkon 2009, lokacin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sa hular, har aka riƙa ganin wasu 'yan acaɓa sun kifa ƙwarya a ka domin su wuce jami'ai. Al'ummar da ba ta gama karɓar hula ba, idan aka ce mata rumfa ta wadatar, za ta ajiye hular, ta kuma bar bel ɗin yana lilo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa mutum miliyan 1.19 ne suke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma masu babura suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. Wanda ya taɓa zuwa dubiya Asibitin Ƙashi na Dala ya ga rabonmu a cikin wannan adadi da idonsa.

Dole kuma a faɗi iyakar babur mai rumfa. Abin hawan cikin gari ne, na tafiyar gida zuwa ofis ko kasuwa. Ba na hanyar Kano zuwa Zariya ba ne, ba kuma na ɗaukar iyali ba ne, kuma a unguwar da yashi ya cinye hanya, ƙananan tayoyinsa za su wahalar da mai shi. Injin cc 50 irin na Japan ma ya yi ƙanƙanta ga titunanmu, inda rashin iya bin gudun sauran ababan hawa shi kansa haɗari ne. Wanda zai yi mana amfani sai ya kai ƙarfin baburan da muka saba hawa.

Kirana ga 'yan kasuwar da suke shigo da babura da masu harhaɗa su a cikin gida shi ne su nemo samfurin da aka ƙera da rumfarsa tun asali, su gabatar da shi ga hukumar kula da ingancin kayayyaki a gwada shi, sannan su shigo da kayan gyaransa tare da shi a jirgi ɗaya, su kuma koya wa bakanikai yadda ake kwance sashen da yake ba shi damar kwantawa a kwana. Babura masu kyau da yawa sun mutu a ƙasar nan saboda an rasa ƙaramin abu guda na gyara. A wannan babur ɗin, abin da zai fara lalacewa shi ne gilashin gaba, domin galibi na roba ne mai tauri, kuma idan aka goge ƙurar hunturu a kansa da busasshen tsumma yana kartuwa, har ya kai fitilar motar da ke tahowa da dare tana bazuwa a kansa, matuƙin ya daina ganin hanya. Duk wanda zai saya, kafin ya tambayi mai nawa yake sha, ya fara tambayar dillalin nawa ne sabon gilashi da robar share ruwa, kuma a wane shago ake samunsu a garin.