Turanci aka ce ki koya mata, Malama, ba rabon 'yan uwa ba

Tun jiya da na saka hoton littafin ɗiyar ƙanwata ake ta biyo ni da ban haƙuri, wai malama ce, aikinta ta yi, in bar maganar. To ban bar ta ba, kuma ba zan bari ba sai na faɗi abin da ke raina.

Duk kun ga shafin. An ce 'yan aji uku su rubuta jimla biyar a kan iyalinsu. Yarinya ta rubuta babanta na da mata biyu, ita tana da uwa biyu, da yayye da ƙanne tara. Ku koma ku duba, harafi ɗaya ba ta kuskure ba. Inda "has" ya dace ta sa "has", inda "have" ya dace ta sa "have", jam'in "wife" ta rubuta shi "wives", wurin da manya masu takardu ke tuntuɓe. Aka bi da jan biro aka soke uwa ɗaya, aka rage 'yan uwanta daga tara zuwa uku, aka rubuta a gefe cewa sauran "half" ne, wato "half-brother" da "half-sister", 'yan uba. Aka ba ta biyu bisa biyar. Ina kuskuren Turancin? A nuna min shi. Abin da aka soke a shafin nan gidansu ne, kuma babu wanda ya ba malamar aikin gyara gidan mutane.

Duk wanda ya tashi a gidan yawa ya san wahalar da iyaye ke sha kafin yara su manta ɗakin wa suka fito. Shekara da shekaru ake yi ana gini. Faranti ɗaya, tabarma ɗaya, ɗinkin sallah iri ɗaya. In an yaye ɗan amarya a kai shi ɗakin uwargida, ita za ta goya shi, ita zai tashi yana kira Umma. Yaro ya kuskura ya ce "'yan ɗakinmu" a gaban babba sai an tsawata masa. Duk don me? Don mun san cutar da ake kira 'yan ubanci, mun ga gidajen da ta rushe, mun ga 'yan uwan da ba sa gaisawa tun ranar rabon gado. Iyayen yarinyar nan sun yi nasarar da ba kowa ke samu ba, ta kai shekara takwas ba ta san bambanci ba. Malama ta zo cikin minti ɗaya ta koya mata. Da daddare yarinya tana tambayar uwarta wai babban yayansu rabin yayanta ne? Wannan tambayar ce ta hana ni yin shiru.

Na ga masu cewa ai haka Turanci yake. Ba haka yake ba. Kalmar tana nan a ƙamus, ban musa ba, amma Turawan kansu da yawa in suna maganar ɗan uwan da suka haɗa uba ko uwa kaɗai, "my brother" suke cewa su wuce, sai in an zo wurin da bambancin ke da amfani, kamar gaban likita ko gaban alƙali. Mu ma ai muna da irin waɗannan kalmomi. Duk wanda ya zauna gaban malamin fiƙihu ya ji shaƙiƙi, wato uwa ɗaya uba ɗaya, ya ji li'abi, wanda aka haɗa uba kaɗai, ya ji li'ummi, wanda aka haɗa uwa kaɗai. Ranar rabon gado ake fito da su, don a nan hukunci yake canzawa. Wa ya taɓa jin an kira yaro cin tuwo da "kai li'abi, taso"? Sanin kalma daban, sanin inda ake ajiye ta daban, kuma na biyun shi ne aikin malami. In malama tana son yara su san kalmar, ta koya musu ita, ta ce ga ranar da za ku buƙace ta. Ba ta da hurumin cusa ta cikin jimlar yarinyar da ba ta nema ba.

Kuma in dai a fannin dangi ne, Turanci ne mai ƙarancin kaya. Mu muna da kawu, muna da baffa, muna da gwaggo, muna da inna. Yaro ɗan shekara huɗu ya san kawu ɗan uwan uwa ne, baffa ɗan uwan uba ne, ya san wa zai je wa da shagwaɓa, wa zai shiga taitayinsa in ya gani. Ya san baffa ne zai iya tsayawa waliyyin yayarsa ranar ɗaurin aure. Turanci ya tattara maza biyun nan ya ce "uncle", ya tattara matan ya ce "aunt". Ba shi da kalma ɗaya ta yaya, ba shi da ta ƙane, sai ya ƙara "elder" ko "younger". Facala fa? Taubashi fa? Babu. Kuma ba haka ya taso ba. Tsohon Turancin da ake yi a Ingila kafin mutanen Normandi su ci ƙasar a 1066 yana da kalma daban ta ɗan uwan uwa, da kalma daban ta ɗan uwan uba. "Uncle" da "aunt" da "cousin" da "nephew" da "niece" duk daga Faransanci aka aro su bayan nan, suka ture na asalin. Ita "uncle" ɗin ma asalinta a Latin ɗan uwan uwa kawai take nufi, wato kawu. Har yau mutanen Suwidin suna bambanta kawu da baffa, suna bambanta kakar wajen uwa da ta wajen uba, ba wanda ya ce musu ba su waye ba. Yarinyar nan da yamma a Islamiyya ana koya mata ammi da khali. Harsuna biyu daga cikin ukun da take ji suna rarrabewa. Na ukun ne ya rasa, sai a ce ita ce ta yi kuskure?

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne darasin da aka yi asara. Turanci yana da maganin wannan giɓin nasa, wato ɗan "s" ɗin nan na mallaka. Da shi kake cewa "my mother's brother" ka fitar da kawu, ka ce "my father's sister" ka fitar da gwaggo, ka ce "my father's second wife" ka faɗi gaskiyar gidanku ba tare da ka zagi kowa ba. Kuma nan ne ainihin inda yaron Bahaushe ke wahala, don jerin ya saɓa da namu. Mu muna fara da abin da aka mallaka: ƙanin mahaifiyata. Su suna fara da mai mallakar, mahaifiya ta zo gaba, ƙane ya biyo baya. Sai yaro ya juya kansa kafin ya saba. To ina filin gwaji da ya kai gidan Bahaushe? Ka ce wa ajin nan kowa ya faɗi facalar mamarsa da Turanci, sai sun jera "my father's brother's wife", mallaka biyu a jimla ɗaya. Ka ce a faɗi taubashi, ka ce a faɗi kishiyar kaka, ka ce a faɗi jikan baffa. Kafin a tashi sun iya mallaka, sun iya jam'in da ba ya bin ƙa'ida irin "wives" da "children", sun san inda "s" ke zama a "brothers-in-law". Ga shi kuma yaranmu sun zo da wata riba daga gida. Hausa tana bambanta namiji da mace a ya da ta, har a kai da ke, saboda haka "he" da "she" ba baƙon abu ba ne a wurinsu, alhali Yarabanci da harshen Ibo kalma ɗaya suke amfani da ita ga duka biyun. Yaron da ke da mutum ashirin a gida yana da jimla ashirin a baki. Aka ce masa ya rufe bakin ya kwafi hoton littafi: baba, mama, yaro ɗaya, yarinya ɗaya, da kare.

Wannan hoton kuwa, su wa yake wakilta a ajin? Ku ƙirga da kanku. Akwai marayan da kakarsa ke riƙo. Akwai agola. Akwai 'yar riƙon da gwaggonta ta ɗauka tun yaye, wadda ita take kira Mama. Akwai yaran da iyayensu suka baro Borno da Yobe tun rikicin da ya ɓarke a 2009, da waɗanda suka baro ƙauyukan Zamfara da Katsina a 'yan shekarun nan, wasu uban bai fito da rai ba. In aka ce wa irin wannan yaron iyali shi ne uba da uwa da 'ya'ya biyu, me aka gaya masa game da kansa? Zai rubuta ƙarya ya ci maki, ko ya rubuta gaskiya ya sha jan biro. Yawancinsu ƙaryar suke zaɓa, daga nan kuma suke koyon cewa Turanci harshe ne da ba a faɗin gaskiyar gida da shi. Wallahi wannan ya fi faɗuwa jarrabawa illa.

Sannan ga "uncle" da ta zama ruwan dare. Malamin aji ankul, direban motar makaranta ankul, mai gadi ankul, mai shagon bakin layi ankul. Ni wannan yana ba ni tsoro, kuma da gaske nake. Yarinya in ta ce kawu ko baffa, ta san muharraminta take nufi. In kowane namiji mai gemu ya zama ankul, da wace kalma za ta gane wanda ya halatta ta sake da shi da wanda bai halatta ba? In ta dawo gida ta ce ankul ya ba ta alewa, wane ne a cikinsu? Haka ɗan baffa, da ake koya musu su ce masa "cousin brother", abin da ba Turancin Ingila ba ne ma, alhali a addini da al'ada aure yana halatta tsakaninsu. Ranar da likita zai tambayi ma'aurata ko akwai zumunci tsakaninsu saboda maganar sikila, amsar da ake so ita ce zumuncin na kusa ne ko na nesa. Wanda ya iya "my father's brother's son" shi zai ba da amsa mai amfani.

Masu tsorata ni da WAEC da NECO, ku huta. A rubutun insha'i ana duba abin da ka faɗa, da yadda ka tsara shi, da yadda ka sarrafa harshe, da ƙa'idar rubutu. Babu gurbin da ake rage maki don uban ɗalibi ya yi aure biyu. A makarantar nan ma, a darasin Social Studies, ana koya musu akwai ƙaramin iyali akwai babban iyali, akwai auren mace ɗaya akwai na mace fiye da ɗaya. Darasin ƙarfe tara ya amince da gidan yarinya, na ƙarfe goma ya soke shi.

Masu cewa ai auren mace fiye da ɗayan ne matsalar, wannan muhawara ce ta manya, ku je ku yi ta da ubanta. 'Yar shekara takwas ba ita ta ɗaura auren ba.

Wanda kuma ya ce ni maƙiyin boko ne bai karanta abin da na rubuta ba. So nake yarinyar nan ta fi malamarta Turanci. Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa a Kwalejin Katsina ya yi karatu, ya tsaya a Majalisar Ɗinkin Duniya a 1960 ya yi Turancin da har yau ake sauraro ana jinjinawa, kuma bai bar Hausarsa ko gidansu a ƙofar aji ba. Tsarin ilimi na ƙasa na 1977 ya ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa a shekarun farko na firamare. Farfesa Babs Fafunwa ya gwada koyarwa da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare a Ile-Ife daga 1970, yaran kuma ba su gaza a Turanci ba. Yau a makarantun kuɗi da yawa yaro ya ce kawu a aji sai a ci shi tara. Da malama ta fara da tambayar su waye a gidanku, ta bari suka lissafo da Hausa, sannan ta ce to mu maida su Turanci ɗaya bayan ɗaya, da babu yaron da zai manta darasin. Na san albashin malaman makarantun kuɗi ba ya kai wata, na san aji ya cika. Amma barin jimlar da take daidai a matsayin daidai ba ya cin ko kwabo.

Tun da maganar littafi ta zo, wai wa ya kawo mana wannan tsarin na littafin da ake cike amsa a cikinsa? A da littafin Turanci ɗaya sai ya bi gida kaf, yaya ya gama ya ba ƙane, a naɗe bangon da takardar siminti, ka buɗe ka ga sunayen mutum huɗu an soke an sake rubutawa. Yanzu kowane zango sabon littafi, an haɗa karatu da aikin gida a wuri ɗaya, yaro ya rubuta a ciki shi ke nan ya mutu, kuma a makarantar kaɗai ake sayar da shi, in ka samo a kasuwa a ce ba bugun bana ba ne. Mijin ƙanwar tawa yara shida yake biya wa a makarantar nan, uku daga ciki ajinsu na bin juna, kuma ko littafi ɗaya bai taɓa sauka daga hannun wani zuwa na wani ba. Iyayen da ke zuwa taron PTA, don Allah wani ya ɗaga hannu ya yi wannan tambayar a zama na gaba.