Zazzaɓi na jikinka, ina za ka da takalmin ƙwallo?

Samari 'yan uwana, dan Allah mu rage wannan ɗabi'ar ta a haɗiyi Panadol biyu, da jiki ya ɗan lafa sai a figi Keke Napep ko a nufi fili, wai ai namiji ba ya kwanciya. Kasalar nan da kake ji da dalilinta fa.

Da zarar ƙwayar cuta ta shiga jiki, fararen ƙwayoyin jini, wato sojojin da ke tsare ka, ninkuwa suke yi da gaggawa kuma suga suke zuƙa ba ji ba gani, ga shi shi kansa zafin jikin tsada gare shi, duk digiri 1 da ya hau kan 37 jiki na ƙona ƙarin kashi 10 zuwa 13 cikin 100 na abin da ya saba ƙonawa, kana kwance ma kenan ba ka ɗaga ko tsinke ba. Kamar gidan da aka kwantar musu da mutum a asibiti ne, kuɗin cefane duk ya koma magani. Kai kuma ka zo kana neman na gudun minti 90, daga ina?

Abin takaicin, a lokacin ne baki ke ɗaci, abinci ya fita a rai, sinadaran da garkuwar jiki ke saki ne suke kashe sha'awar ci. In ba abin da ya shiga ciki sai jiki ya juya kan tsokarka yana cinye ta, ka dubi yadda tarin fuka ke zabge mutum.

Maleriya ta fi muni ta nan, don ƙwayar tata ma sugan jininka take ci, shi ya sa in ta yi tsanani suga kan faɗi warwas, musamman ga yara da masu juna biyu. A je a yi gwaji a sha magani ya ƙare, ba a yar da shi rana ta biyu ba. A daure a sha kunu ko koko ko romo, kaɗan-kaɗan, da ruwa sosai. In a watan azumi ne, Allah da kansa ya yi wa mara lafiya rangwame ya rama daga baya, meye na taurin kai?

Masu ciwon suga kuma naku yakan zo ta ɗaya ɓangaren, cuta na iya harba sugan jininku sama ko ba ku ci komai ba, don haka ku yawaita auna shi, kuma kar ku ajiye allurar insulin da kanku sai kun tuntuɓi likita.